Wace irin amya ce za ta tsare ƙudan zuma daga zafin bazara a Gadarif?

Manomin riɗi, Gadarif

Assalamu alaikum. Ina gaishe da iyayenmu da malamai da 'yan'uwa masu kiwon zuma da ke wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Ni manomi ne a kudancin Gadarif da ke gabashin Sudan, ina noman riɗi da dawa, kuma ina da akwatunan zuma na katako irin na Langstroth, wato akwatin zamani mai firam-firam da ƙuda ke gina saƙa a cikinsu ana iya ciro su, a gefen gona. Abin da ya kawo ni shi ne zafin bazara. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kusan kowace rana, ƙudan kan fito su yi cunkus a gaban akwati tun da hantsi har bayan magariba, mutum yana jin ƙugin fikafikansu tun kafin ya ƙaraso. A bazarar da ta wuce na buɗe wani akwati na tarar saƙa ta saki daga jikin firam ta kife a ƙasa, zuma ta malale ta jiƙa 'ya'yan, matattun ƙuda na maƙale a cikinta, waɗanda suka tsira kuma ba su daɗe ba suka yi ƙaura.

Katakon akwatunan kaurinsa bai wuce santimita biyu ba, murfin kuma an lulluɓe shi da kwano wanda ba ya taɓuwa da azahar. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 katako ya yi tsadar da ba zan iya ƙara ko akwati ɗaya ba, alhali karan dawa da ciyawar jinka da kashin shanu da laka suna nan a yalwace, ba sai an saya ba. Tambayata ita ce, shin za a iya gina gidan zuma da waɗannan abubuwa ya fi katako tsare zafi? Idan za a iya, wanne ne ya fi, ginin laka ko saƙar ciyawa? Kuma yaya zan yi da ruwan damina da gara, tunda ƙasarmu baƙar laka ce da ke tsagewa da rani ta kumbura da damina? Ba na so in koma irin ɗiban zumar da ake ƙona ƙuda ana lalata 'ya'yansu. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon mai amya, Damazin

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da kake tambaya a kai shi ne sana'ar da na tashi na tarar ana yi a gidanmu, kuma har yau da amyar gargajiya nake kiwo, don haka zan faɗa maka yadda muke yi a nan Damazin, inda ruwa ya fi naku yawa.

Mukan samu gora mu tsattsaga ta siriri, mu saƙa ta kamar doguwar ganga, tsawonta kamu biyu, faɗin bakinta kuma kamar taƙi ɗaya da rabi. Inda babu gora, tsirgagun itace masu lanƙwasuwa ko karan dawa mai ƙwari suna yi. Daga nan sai a kwaɓa ɗanyen kashin shanu da toka da 'yar ƙasa kaɗan, a shafe ciki da waje da tafin hannu, shafe na bakin ciki wanda zai toshe ramukan saƙar kawai. A ajiye ta a inuwa ta bushe a hankali, domin idan aka shanya ta a rana yaɓen yakan dare. Idan ta bushe ƙarau har wari ya fita, sai a turara cikinta da hayaƙi, a goga tsohon kakin zuma a rufinta ta ciki, a toshe bakunan biyu da faifan kaba da aka yaɓe, a bar 'yar ƙofa a gefe ɗaya wadda ba ta wuce shigar yatsu biyu ba.

Sai dai ka lura da wannan, domin a nan ne mutane da yawa suke kuskure: ba yaɓen ne ke tsare zafi ba, rigar ciyawar da ake sa wa amya ce. Mukan naɗe ta da busasshiyar ciyawa mai kaurin da bai gaza faɗin tafin hannu ba, a jera ta kamar yadda ake baibaye jinka, kan ciyawar yana kallon ƙasa domin ruwa ya zurare, a ɗaure da igiyar kaba wuri uku ko huɗu. Ɗaurin kada ya yi tsauri har ciyawar ta dunƙule, kada kuma ya yi sako-sako har iska ta warware ta. Da tsakar rana a watan Afrilu za ka taɓa bayan ciyawar ka ji zafi rau, amma idan ka cusa hannu tsakaninta da jikin amyar sai ka ji wurin da dama-dama. A tsawon shekaruna ban ga saƙa ta narke a amyar da aka yi wa riga mai kauri aka kuma rataye ta a inuwar itace ba.

Game da gara, maganinta shi ne kada ciyawa ta taɓa ƙasa ko kaɗan. Mu a kan itace muke ratayewa da waya. Kai da kake son ajiyewa a gefen gona, ka kafa gwafanni na itace mai ƙwari, ka babbake gindinsu kafin ka binne, ka riƙa zuba toka a kewaye, ka kuma shafa baƙin mai a tsakiyar kowace gwafa saboda tururuwa da cinnaka. Rigar ciyawa kuwa a kowace shekara ake sabunta ta kafin ruwan farko, domin tsohuwa takan ruɓe ta riƙe laima, ƙwari da ƙadangaru su mai da ita gida. Abu na ƙarshe shi ne wuta. Bayan kaka, idan ciyawar daji ta bushe, gobara guda tana cinye aikin shekara, saboda haka ka share kewayen wurin fes, taku goma ta kowane gefe.

Inda amyarmu ta gaza shi ne inda ka ambata. Saƙar tana manne da jikinta, ba a iya ciro ta a duba a mayar, kuma mai gaggawa yakan haɗa da 'ya'ya wajen ɗiba. Wannan ɓangaren na bar wa masu ilmin zamani su yi maka bayani.

Malamin aikin gona, Wad Madani

Assalamu alaikum. Baba na Damazin, Allah ya ƙara girma, ya riga ya faɗi gundarin maganar, ni dai zan ƙara dalili da ma'auni, sannan in nuna yadda za a haɗa amyarsa da buƙatar mai tambaya.

Ƙudan zuma suna riƙe wurin da 'ya'yansu suke a kan zafin digiri 34 zuwa 35, dare da rana, rani da damina. Idan waje ya fi haka zafi, sai su ɗebo ruwa su shafa a kan saƙa su yi ta fifita da fikafikai har ya bushe ya tafi da zafin, wasu kuma su fice waje domin a rage cunkoso, wanda shi ne cunkus ɗin da kake gani a gaban akwati. Kaki ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 62 zuwa 64, amma tun daga digiri 40 da 'yan kai yake yin laushi, kuma saƙar da ta cika da zuma tana kai kilo biyu ko fiye. Sabuwar saƙa fara, wadda ba ta yi ƙwari ba tukuna, ita ce ke fara saki. Duk ƙudan da aka tura ɗiban ruwa da fifita kuma an rage shi ne daga masu kiwon fure, shi ya sa gida mai zafi ba ya tara zuma ko da bai rushe ba.

Laka da ciyawa aikinsu ba ɗaya ba ne. Busasshiyar ciyawa da kara da ƙaiƙayi suna hana zafi wucewa ne saboda iskar da ke tsare a cikinsu, kuma a kauri ɗaya ciyawa ta kusa ninka katako wajen wannan aiki. Laka kuwa zafi yana ratsa ta fiye da katako nesa ba kusa ba. Abin da take yi shi ne ta sha zafin a hankali ta jinkirta shi. Kowa ya san ɗakin ƙasa a bazara: da azahar yana da sanyi, amma bayan isha'i bangon ya fara amayar da abin da ya sha, dole a fito da shimfiɗa tsakar gida. Saboda haka siririn bangon laka da rana ke duka kai tsaye ya fi katakonka muni. Tsarin da ya dace shi ne laka a ciki, ciyawa a waje, inuwa a sama.

Game da duba saƙa ba tare da ɓarna ba, ina ba ka shawarar amya mai sanduna a sama, irin wadda aka tsara wa masu kiwon Kenya a farkon shekarun 1970. Siffarta kamar kwami ce: ƙasanta matsattse, samanta buɗaɗɗe, gefunan biyu a karkace wajen digiri 30 daga tsaye, domin ƙuda ba su cika manna saƙa a bango mai karkata ba. A samanta ake jera sanduna kafaɗa da kafaɗa, kowace sanda da saƙarta guda, sai ka ɗaga ka duba ka mayar. Maƙwabtanku na Habasha, ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Afirka samar da zuma, sun daɗe suna yin wannan kwamin da tsirgagun itace ko gora su yaɓe da laka, suna kiransa chefeka, kuma ba za ka rasa wanda ya san shi ba a cikin masu shiga da fita ta Gallabat da Matamma, garuruwan kan iyakar Sudan da Habasha.

Abu ɗaya ne ba a yin sa da ka: faɗin sanda. Dole ya zama milimita 32, domin shi ne tazarar da ƙudanmu na Afirka ke bari daga tsakiyar saƙa zuwa tsakiyar ta kusa da ita. Idan ya yi faɗi ko ya yi siriri, sai su gina saƙa a gicciye ta haɗa sanduna uku ko huɗu, ka koma inda ka fito. Don haka ɗan katakon da za ka saya, ka sa shi a sanduna kawai, ka tsaya a kan kafinta ya auna. A ƙarƙashin kowace sanda ka ja layin narkakken kaki a tsakiya, shi zai nuna musu inda za su fara. Zurfin kwamin kada ya wuce santimita 25, domin a ƙasa mai zafi gajeriyar saƙa ta fi doguwa tsayuwa.

Baƙar lakar Gadarif ita kaɗai ba ta yaɓe, za ta tsage ta zube. Ka nemi ƙasar tsohon suri ko jar ƙasa, ka haɗa da yashi da ƙaiƙayin dawa mai yawa da kashin shanu, ka bar kwaɓin ya kwana ya tsima. Kafin ka yaɓe amya, ka shafa kaɗan a kan wani kara ka jira ya bushe. Idan ya tsage, ƙara yashi da ƙaiƙayi.

Mai lambu, Kasala

Assalamu alaikum. Ina yi wa Baba da Malam godiya. Ni mace ce mai 'yan amyoyi a lambunmu na mangwaro da lemo kusa da kogin Gash, kuma akwai wuri ɗaya da nake da wani ra'ayi dabam, a yi mini afuwa. Ba na sa kashin shanu a cikin amya. Na san ƙuda ba sa ƙinsa idan ya bushe, kuma sukan shafe bangon da danƙonsu, amma a lokacin ɗiba yaɓen yakan marmashe ya faɗa cikin zuma, mai saye kuma da ya ɗaga kwalba ya ga gurɓi a ƙasa sai ya rage kuɗi. Ni yumɓu nake kwaɓawa da toka in shafe ciki, in goge da dutse mai santsi tun yana da ɗan danshi, kashin shanun kuma in bar shi a yaɓen waje.

Mu a nan ciyawar jinka ba ta da yawa, goruba ce muke da ita. Nakan saƙa tabarmar kaba mai kauri riɓi biyu, in cusa ƙaiƙayi a tsakani, in ɗinke bakin, ita nake ɗorawa a kan sanduna. Kaba ta fi ciyawa daɗewa, kuma idan guguwar ƙura ta taso ba ta watsewa matuƙar an ɗaure ta.

Ina kuma tuna wa ɗan'uwa cewa duk kyan amya ba ta raba shi da ajiye ruwa. Gida mai ƙarfi yana shan lita guda ko fiye a ranar zafi. Nakan sa kasko a inuwa kusa da su, in zuba tsakuwa da guntayen kara domin su samu wurin sauka kada su nutse, ba na kuma bari ya ƙafe ko da yini ɗaya, domin idan suka saba da rijiyar mutane ko wurin shayar da dabbobi, raba su da wurin yana da wuya kuma yana jawo rigima da maƙwabta.

Ni ma ina da tambaya ga Malam. Akwai wasu ƙananan ƙuda da ke yin saƙa guda a reshen lemo a fili. Shin akwai amyar da za a yi musu su zauna?

Ma'aikacin gonar zuma, Ɗa'if

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni haifaffen Makka ne, ina aiki da masu zuma a duwatsun Ɗa'if, kuma ina so in ƙara abu biyu daga abin da nake gani a nan Saudiyya.

Na farko, duk da kuɗi da kayan zamani da ake da su, yawancin masu kiwon ƙudan zuma ɗan ƙasa a Ɗa'if da Baha da Asir ba su bar dogon gida mai siffar ganga ba, wanda a da ake fafe shi daga kututturen itace. Ba a ajiye su ɗaya-ɗaya a rana. Jera su ake yi a kan tebur, wasu a kan wasu, a lulluɓe su duka da buhuna da tabarmi, a yi musu rumfa a sama, ta yadda kowane gida yana kāre na kusa da shi kuma bakinsa kaɗai ke kallon waje. A yankin Maisan da ke kudu da Ɗa'if akwai tsohon wurin kiwo da aka gina da dutse da laka a jikin tsauni, gidaje sama da dubu a jere hawa-hawa, tsaunin kansa yana yi musu garkuwa. Mutanen Masar ma tun zamanin dā suke jera bututun laka da ciyawa su yi bango guda da su, a Oman kuma kututturen dabino ake fafewa. Dabarar duk ɗaya ce, wato a rage jikin da rana ke samu.

Na biyu shi ne irin ƙudan. A kowace shekara ana shigo da ƙuda masu yawa daga Masar, a ci moriyarsu a lokacin furen kurna da ƙaya, amma kaso mai yawa ba ya tsallake zafin bazara. Ƙudan zuma ɗan ƙasa, ƙaramin nan mai ruwan ɗorawa da masana ke kira jemenitica, wanda ake samu daga nan har Sudan da Chadi, shi ne ke jure zafi da ƙarancin fure. Taronsa bai kai na baƙon yawa ba, don haka babban gida wahala ne a gare shi, kuma saƙar da ya kasa rufewa ita tsutsar kaki ke fara ci. Idan za ka yi kwamin da Malam ya kwatanta, ka yi masa allon tsakiya da ake matsarwa, ko da na faifan kaba ne da aka yaɓe, ka ba su sanduna takwas ko goma da farko, ka riƙa ƙara musu wuri gwargwadon ƙaruwarsu.

Manomin riɗi, Gadarif

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Malam da Hajiya da ɗan'uwanmu na Ɗa'if. Na fahimci cewa kwami zan saƙa da kara, yumɓu a ciki, yaɓe mai ƙaiƙayi a waje, sannan rigar ciyawa. Saura abu biyu. Akwatunan katakon da nake da su yanzu, akwai ƙuda a cikinsu, me zan yi musu kafin bazara ta shigo? Kuma idan na rufe amya ruf da ciyawa, ba za ta tara laima da damina ba, musamman a Yuli da Agusta da ruwa ke sauka babu ƙaƙƙautawa?

Malamin aikin gona, Wad Madani

Kada ka taɓa ƙudan da ke cikin akwatunan, ka gyara musu wajen kawai. Mafi yawan zafin tsakar rana ta sama yake shiga, saboda haka ka fara da rumfar zana da ta ɗara murfin da aƙalla rabin mita domin iska ta riƙa ratsawa a tsakani. A kan kwanon ka ɗora buhun algarara cike da ƙaiƙayi ko tabarma irin ta Hajiya, ka shafe jikin akwatin da farar ƙasa, ka jingina zana a gefen yamma inda ranar la'asar ke duka. Ƙofa ta kalli gabas ko arewa, akwatin kuma ya tashi daga ƙasa kamar tsayin gwiwa.

Maganar laima gaskiya ce, kuma ta shafi zumar kanta, domin zumar da ruwan cikinta ya haura kashi 20 cikin 100 tana tsami. Amfanin yumɓu da ciyawa shi ne suna numfashi, don haka kada ka naɗe amya da leda, kada kuma ka shafe ta da siminti ko fenti mai. Idan dole ne sai ka sa leda, ka shimfiɗa ta a cikin jinkar rumfa, nesa da jikin amyar. Ka ɗan karkata kwamin ta wajen ƙofa domin duk ruwan da ya shiga ya fita, kuma bakin jinkar ya zarce shi da kamu guda ta kowane gefe saboda feshi. Lokacin ginin shi ne bayan girbin dawa, a Disamba da Janairu, sa'ad da kara da ciyawa suka bushe kuma yaɓe zai samu watanni yana ƙwari kafin ruwan Yuni.

Hajiya, waɗancan ƙananan ƙudan ba 'yan ƙasar nan ba ne. Asalinsu daga Asiya ne, sunansu Apis florea, an fara ganinsu a Khartum a 1985, daga nan suka bazu a lambunan bakin kogi. Ɗabi'arsu ita ce saƙa guda a sarari, ba sa zama a rufaffen wuri ko an saka su. Abin da za ki iya yi shi ne ki bar su a reshensu, ko ki yanke reshen a hankali ki ɗora shi a kan gwafanni biyu a inuwa, idan lokacin ɗiba ya yi ki yanki zumar da ke saman reshen ki bar musu ɓangaren 'ya'yan da ke ƙasa.